Taliyar zobe ta Falermo: daga ina anelletti al forno ta samo asali?

Ranar 15 ga Agusta, ranar hutun da Italiyawa ke kira Ferragosto, duk wanda ya je bakin tekun Mondello da ke gefen birnin Falermo a tsibirin Sisili zai ga iyalai suna sauke kaya daga mota: laima, kujerun naɗewa, kankana, da wani faffaɗan kwanon gashi da aka naɗe da tsumman kicin aka ƙulle bakinsa. Ɗan gari ba sai an buɗe masa ba, ya san abin da ke ciki. Taliya ce, amma ba dogayen silin nan da ido ya saba da su ba. 'Yan ƙananan zobba ne, faɗin kowanne kamar santimita 1, an cakuɗa su da miyar nama da tumatir, an cusa cuku a tsakiya, an gasa har sun kama jikin juna sun zama dunƙule guda da ake yankawa da wuƙa kamar kek. Sunanta anelletti al forno, wato ƙananan zobba na tanderu. Mutanen Falermo kuwa a harshensu na gida taliyar tanderu kawai suke ce mata, don a wurinsu idan an ambaci gasasshiyar taliya, to wannan ake nufi.

Idan aka tambayi asalinta, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce gadon Larabawa ce, tun zamanin da Musulmi suka mulki tsibirin, har su ƙara da cewa siffar zoben an kwaikwayo ta ne daga 'yan kunnen matan wancan zamani. Wasu kuma su ce daga kicin ɗin masu sarauta ta fito, inda kuku-kukun da suka koyi girkin Faransa suke gina taliya kamar hasumiya don burge baƙi. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya. Sai dai ni abin da na gamsu da shi shi ne, wannan abinci ba rana ɗaya aka haife shi ba, kuma ba hannu ɗaya ya ƙirƙire shi ba. Kayan haɗinsa sun iso Sisili ne ɗaya bayan ɗaya, tsakanin wani da wani ƙarnuka, kuma waɗanda suka tattara su wuri guda suka fitar da abin da ake ci yau matan gidajen talakawa da masu matsakaicin ƙarfi ne na Falermo, a wani lokaci da bai gabaci ƙarni na 19 ba. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a buɗe kwanon a bi abin da ke cikinsa ɗaya-ɗaya.

Amma tukuna, yaya ake yin ta? Da miya ake farawa, wadda suke kira ragù. A soya albasa da karas da seleri a man zaitun, a zuba niƙaƙƙen nama, a sa tumatir, a rage wuta a bar ta tana ɓararraka a hankali awa ɗaya zuwa biyu, sannan a zuba koren waken nan mai ƙananan ƙwayoyi. Ƙarfin ɗanɗanon miyar daga wani abu yake fitowa da suke kira strattu. Tumatir ne da ake niƙawa a tace a sa gishiri, a shimfiɗa a kan allunan katako a ranar Yuli da Agusta, ana juyawa kwana da kwanaki har ya kafe ya yi duhu ya koma kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Cokali biyu nasa sun isa su sauya tukunya. Sai a tafasa zobban, amma ba a bari su nuna, ana tsame su da sauran tauri don za su ƙarasa a tanderu. A juye su cikin miyar, a barbaɗa gurzajjen cukun caciocavallo. Kwanon gashin a shafe shi da mai a barbaɗe shi da garin busasshen burodi har ya rufe ko'ina. A zuba rabin taliyar a danna, a jera cukun da bai daɗe ba, irin su tuma ko primosale, wasu gidaje su ƙara soyayyar gautar nan babba shunayya da dafaffen ƙwai, a rufe da sauran taliyar, a sake barbaɗa garin burodi. Minti 30 zuwa 40 a tanderu mai zafin digiri 180. Daga nan sai abin da ya fi wa yara wuya, wato jira, domin idan aka yanka ta da zafinta wargajewa take yi. Sai ta huce ta kama jikinta ake kife kwanon a kan faranti, ta fito tsaye da ɓawonta ja-ja mai ƙaras-ƙaras. A kan wannan ƙanzon na gefe ake rububi.

To mu koma kan Larabawa, don a nan labarin ya fi nauyi, kuma a nan aka fi yi masa ƙari. Tsakanin Sisili da gaɓar Tunisiya kimanin kilomita 150 ne kacal. A shekarar 827 rundunar daular Aglabawa ta taso daga can ta sauka a Mazara, a kudu maso yammacin tsibirin. Jagoranta ba sojan fada ba ne, malami ne, alƙalin Ƙairawan Asad bin al-Furat, wanda ya zauna gaban Imam Malik a Madina ya ɗauki karatu. Duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya da ya san Mudawwana ta Sahnun ya taɓa inuwar wannan mutumi ko bai sani ba, domin a kan tarin mas'alolin da Asad ya fara rubutawa Sahnun ya gina aikinsa. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Falermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama babban birnin tsibirin, kuma da matafiyi Ibn Hauƙal ya ziyarce ta wajen 973 ya ba da labarin masallatai sama da 300. Har yau sunayen unguwanni na ba da shaida: Kalsa daga al-Khalisa, Cassaro daga ƙasr, wato fada.

A wannan zamani noman tsibirin ya sauya fuska. An haƙa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, an shuka rake da auduga da lemon tsami. Gautar da ake soyawa a sa a tsakiyar taliyar ma ta hannun Larabawa ta shigo wannan yanki na Bahar Rum, sunanta na Italiyanci, melanzana, yana da jijiya a kalmar Larabci bazinjan. Alkama kuwa sun tarar da ita, don tun Sisili ta zama lardin Rumawa a shekara ta 241 kafin haihuwar Annabi Isa take rumbun hatsin birnin Rum.

Babbar hujjar masu cewa Larabawa ne ita ce rubutun Sharif al-Idrisi, masanin taswira ɗan garin Sabta, wanda ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154. A cikinsa ya kwatanta wani gari da ake kira Trabia, kimanin kilomita 30 gabas da Falermo, mai ruwa da ba ya ƙafewa da injinan niƙa masu yawa, inda ake yin wani abincin alkama mai sili-sili da ya kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa Kalabiriya da ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan shaida ce mai ƙarfi, ba ta da na biyu a wancan ƙarni. Abincin da ake lodawa a jirgi a kai shi nesa dole busasshe ne, ke nan a tsakiyar ƙarni na 12 an riga an mayar da busasshiyar taliya sana'a da fatauci a bakin ƙofar Falermo. Kalmar ma ba ta mutu ba, ta rage ta koma tria a bakin mutanen Sisili da na kudancin yankin Fuliya da ke Italiya. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin tatsuniyar nan da ke cewa Marko Folo ne ya kawo wa Italiyawa taliya daga Sin. Mutumin da ya dawo gida a 1295, alhali tun 1279 wani magatakarda a birnin Jenowa ya lissafa kwando cike da makaroni cikin dukiyar da wani mamaci ya bari.

Sai dai a lura da abu biyu. Lokacin da al-Idrisi ke wannan rubutu mulkin Musulmi ya riga ya ƙare: Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, sun ci Falermo a 1072, sun gama da sauran tsibirin a 1091, kuma a fadar sarkinsu Roja na Biyu, Kirista, malamin yake aiki. Sana'ar ta zarce daular da ta rene ta. Na biyu, abin da ya kwatanta sili ne dogo, ba zobe ba. Don haka abin da adalci ya yarda a ce shi ne, zamanin Musulmi ya ba Sisili busasshiyar taliya a matsayin kayan ajiya da kasuwa, ya ba ta gauta, amma bai ba ta wannan kwanon ba. Zancen 'yan kunne labarin baka ne mai daɗin ji, irin wanda mutane ke ƙirƙira idan suna ƙaunar abu suna son ba shi tsohon asali. Ban ga laifin ƙaunar ba. Sai dai gadon Musulmi a Sisili yana da girman da ba ya buƙatar a yi masa ciko, musamman idan aka tuna yadda ƙarshensu ya kasance: daga shekarun 1220 Sarki Firedarik na Biyu ya kwashe ragowarsu ya kai su garin Lucera a can cikin Italiya, a 1300 kuma aka tarwatsa wannan mazauni nasu.

Zoben kansa yana faɗin shekarunsa ga mai lura. Hannu na iya murza sili, yana iya naɗa kwaɓi a jikin tsinke ya fitar da bututu, amma zobba dubbai masu girma ɗaya, waɗanda za su cika kwano su nuna lokaci guda, aikin na'ura ne. Ana kwaɓa tsakin alkama mai tauri da ruwa, a tura shi da ƙarfi ta cikin farantin tagulla mai huda, wuƙa tana datsewa a ɗaya gefen. Irin wannan matsi na katako mai dunƙulen sukurwa ya yaɗu ne a ƙarni na 17, musamman a Nafoli da kewayenta, tare da na'urar kwaɓi, kuma shi ya karya farashin taliya. Kafin nan mutanen Sisili ake yi wa laƙabi da maciya makaroni, su kuma mutanen Nafoli a ce musu maciya ganye, saboda miyar kabeji da nama ce abincinsu. Da na'ura ta zo, nama kuma ya yi tsada, sai laƙabin ya ƙaura zuwa Nafoli. Ita alkama mai tauri ba zaɓin ado ba ce a wannan girki. Ita ke sa taliya ta jure tafasa sannan ta jure tanderu ba tare da ta dame ba, kuma tun 1967 dokar Italiya ta wajabta cewa busasshiyar taliyar da ake yi don kasuwar ƙasar da ita za a yi.

Sannan ga tumatir, wanda shi ya fi kowa makara. Daga nahiyar Amurka ya zo ta hannun Sifaniyawa, waɗanda su ke mulkin Sisili da Nafoli a lokacin. Masanin tsirrai Mattioli ya ambace shi a Italiya a 1544, amma ya daɗe ana kallonsa da shakku, ana shuka shi don kallo. Sai a 1692 wani shugaban kicin a Nafoli, Antonio Latini, ya buga tsarin miyar tumatir, ya ce irin ta Sifaniyawa ce, kuma ba don taliya ya yi ta ba. Haɗin taliya da tumatir a rubuce sai daga baya ya zo, kuma wanda aka fi sani shi ne na ƙarshen shekarun 1830, a wurin Ippolito Cavalcanti, ɗan Nafoli. Kafin nan da cuku ake cin makaroni, masu hali su ƙara sukari da kirfa. Ke nan duk wanda ya ga jar taliya ya ce shekararta 1,000, launin kaɗai ya ƙaryata shi. Tsakanin saukar Asad a Mazara da ranar da tumatir ya zauna daram a kan taliya akwai shekara kusan 1,000 cur.

Saura dabarar ginin, wato cika kwano da taliya, a gasa, a kife ta fito tsaye. A nan ne labarin masu sarauta ke da gaskiya. Sunan irin wannan girki timballo, daga kalmar Faransanci timbale, wani nau'in ganga mai kama da tambari, saboda siffar kwanon da ake gashin. Idan aka bi sawun kalmar baya, ta Sifaniyanci ta ratso, can ƙasanta kuma Larabci ne, ɗabl, wato ganga. Kalmar ce ta yi wannan doguwar tafiya ta dawo Sisili ta ƙofar Faransa, ba girkin ba.

A ƙarni na 18 da na 19 manyan gidajen Nafoli da Falermo suna alfahari da mallakar kuku mai horon Faransa, wanda ake kira monsù, lanƙwasar kalmar girmamawa ta Faransanci a bakin mutanen kudu. Ana yawan jingina yaɗuwar wannan yayi ga Sarauniya Mariya Karolina, 'yar gidan sarautar Ostiriya kuma 'yar'uwar Mari Antuwanet ta Faransa, wadda ta auri Sarki Fardinan na Nafoli a 1768. Abin da ba shi da gardama shi ne fadar ta ƙaura zuwa Falermo sau biyu tana gudun sojojin Faransa: a Disamban 1798 a cikin jirgin Admiral Nelson na Ingila, sannan daga 1806 zuwa 1815. Shekaru ne da masu gandun Sisili suka yi ta gasar liyafa don sarki yana gari. Timballo na waɗannan gidaje ba wasa ba ne. Ana lulluɓe kwanon da kwaɓin fulawa da man shanu mai ɗan zaƙi, a cika shi da makaroni da hantar kaza da tsokarta da dafaffen ƙwai da romon nama da aka ƙafar. Marubuci Giuseppe Tomasi di Lampedusa, shi kansa ɗan sarautar Falermo, ya kwatanta irin wannan a littafinsa Il Gattopardo da aka buga a 1958, shekara guda bayan rasuwarsa. A cikin labarin, a wata liyafa ta 1860, baƙin ƙauye suna fargabar za a kawo musu siririn romo irin na Faransawa, sai ga hasumiyoyin makaroni, ɓawonsu na ƙamshin sukari da kirfa. Wannan ɗan yanayi ya nuna cewa ko a wancan lokaci girkin ya riga ya zama ɗan gida, sunan ne kawai ya rage baƙo.

Daga nan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni yake farawa, kuma shi ne wanda ba a cika rubutawa ba don masu yinsa ba marubuta ba ne. A tsohon birnin Falermo fadar mai sarauta da ɗakin talaka katanga ɗaya ke raba su. Masu wanke-wanke da masu fere da 'yan aike na waɗannan kicin-kicin daga lungunan suke fitowa, can kuma suke komawa da dare. Ido ya ga yadda ake yi, hanci ya ji ƙamshi, aljihu ne bai kai ba. Girkin Sisili cike yake da irin wannan amsa ta talaka. Masu hali suna cin wasu ƙananan tsuntsaye da ake kira beccafico, talaka ya naɗe kifin sadin da garin burodi ya kira shi da sunan tsuntsun. Haka aka yi wa timballo. Ɓawon fulawa da man shanu ya koma garin busasshen burodi, wanda dama a tsibirin cukun talaka ake ce masa, don shi ake soyawa a barbaɗa a kan taliya idan cuku ya gagara. Tsokar kaza da romo mai tsada suka koma ɗan niƙaƙƙen nama da aka miƙe da tumatir da koren wake har ya ishi mutum goma. Guntun cukun da ya rage a mako, da ƙwai biyu, da gauta daga kasuwar Ballarò ko ta Capo, duk suka sami wurin shiga.

Ban ɗauki wannan a matsayin kwaikwayo mai rauni ba. A ganina abin da ya fito ya fi uwarsa dacewa da rayuwa. Timballo na fada sai an ci shi da zafi, a teburi, da ma'aikata a tsaye. Na zobe kuwa zobban ne da kansu ke riƙe ginin: miya tana shiga cikin hudar kowanne, suna sarƙe juna, ba sa barin gurbi, shi ya sa ake iya yanka shi a ɗauka a tafi. Yana da daɗi da ɗumi, yana da daɗi bayan awa biyar, da yawa ma sun fi son sa washegari. Wanda ya zaɓi wannan siffa daga cikin siffofin taliya masu ɗimbin yawa ya san abin da yake nema.

Tanderun ma ba na gida ba ne a da. Yawancin gidajen birni ba su da shi, don haka ranar Lahadi ko ranar biki sai a ɗauki kwanon a kai wa mai gidan burodin unguwa, ya sa a tanderunsa bayan ya kwashe burodi, da sauran zafin da ya rage, a biya shi 'yan kuɗi kaɗan. Wannan ya bayyana dalilin da gasasshiyar taliya ta zama abincin ranar hutu a duk kudancin Italiya. Girki ne mai cin lokaci da kuɗi da tafiya, ba a yin sa don mutum biyu, ba a kuma yin sa ranar aiki.

Cukun yana da nasa gida. Caciocavallo na Falermo daga tsaunukan lardin yake zuwa, garuruwa irin su Godrano da Cinisi, inda ake kiwon wata baƙar saniya mai jure duwatsu da fari da ake kira cinisara. Cuku ne mai gishiri da ɗan yaji-yaji idan ya kwana biyu, kuma shi ke bambanta ɗanɗanon wannan taliya da na arewacin ƙasar, inda parmigiano ke sarauta.

Akwai abin da ya kamata Musulmi mai tafiya can ya sani. Gidaje da yawa suna haɗa naman sa da na alade a miyar, wasu suna yayyanka busasshen naman alade a tsakiya, kuma zuba ɗan giyar inabi a kan naman yayin suya abu ne da aka saba. Don haka a tambaya kafin a ci. Wanda zai girka a gidansa kuwa bai rasa komai ba idan ya tsaya a naman sa zalla, domin ƙarfin girkin a strattu da cuku da ɓawo yake. Shi kansa wannan haɗin wata alama ce ta cewa girkin, a yadda yake yanzu, a kicin ɗin Falermo ta Kirista aka kammala shi, ɗaruruwan shekaru bayan an daina kiran salla a Kalsa.

Gardama a kansa ba ta ƙarewa, gida-gida. Da ƙwai ko babu? A jera soyayyar gauta a bangon kwanon ta zama riga, ko a yayyanka ta a ciki, ko kuwa ba ta da hurumi sam? Mafi zafi ita ce ta farar miyar nan ta madara da fulawa da man shanu, besciamella. Wasu na zubawa don taliyar ta yi laushi, masu riƙo da tsohon hannu kuma suna ganin wannan shigar arewa ce. Ina tare da su a nan, ba don tsufa kaɗai ba. Farar miyar tana da gurbi a lazanya ta Bolonya, inda faifan taliyar ƙwai ke buƙatar abin da zai jiƙa tsakaninsu. A zobba kuwa tana kwance ginin, ta mayar da abin da ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ya koma na cokali. Sauran tsibirin ma kowa da tasa: a Messina akwai pasta 'ncasciata da ake yi da gajerun makaroni da cuku mai yawa. Zobe dai an san na Falermo ne, har ta kai masu kamfanonin taliya sun fi sayar da shi a Sisili fiye da ko'ina, kuma a wuraren da 'yan tsibirin suka yi ƙaura suka zauna, shagunansu ne ke neman sa.

Yau ba sai an jira Lahadi ba. A shagunan soye-soye da gidajen shan kofi na birnin ana jera ƙananan dunƙule na mutum ɗaya, masu siffar kofin da aka kife, kusa da arancine, ƙwallon shinkafar nan da ake soyawa da irin wannan miya ta nama da koren wake a cikinsa. Ma'aikaci ya saya ya ci a tsaye ya koma ofis. Amma babban kwanon gida yana nan da ranakunsa: Litinin ɗin da ke bin Ista, wadda suke kira Pasquetta, da 25 ga Afrilu, da 1 ga Mayu, da Ferragosto. A ranakun bazara da yawa daga cikin iyalan dajin Favorita suke nufa, a gindin Dutsen Pellegrino, su shimfiɗa mayafi a ƙarƙashin itatuwa su hura gawayi. Wannan fili mai faɗin kusan hekta 400 Sarki Fardinan ne ya killace shi a 1799 don farautarsa, watanni kaɗan bayan jirgin Nelson ya sauke shi a Falermo da iyalinsa da fadawansa. Ta cikinsa titin Mondello ya ratsa, kuma Mondello ɗin kanta fadama ce mai sauro da zazzaɓi har wajen ƙarshen ƙarni na 19, kafin a busar da ita a mayar da ita wurin wanka. Can uwar gida ke kwance ƙullin tsumman idan rana ta take, ta yanka murabba'i-murabba'i a kan farantan roba, ta fara miƙa wa yara na kusurwa inda ƙanzon ya fi kauri.